Me ya hana matan Afirka yin nisa a gasar ƙwallon raga ta duniya?

Tambaya: Ni malamar wasanni ce a wata sakandaren 'yan mata. Na kalli wasan ƙarshe na ƙwallon raga da Italiya ta doke Turkiyya a 2025, aka ce mini wadda ta fi kowa dukan ƙwallo a tawagar Italiya iyayenta 'yan Najeriya ne. Wace gasa ce wannan, kuma mene ne bambancinta da Olamfik? Sannan tunda muna da dogayen 'yan mata masu ƙarfi, me ya hana ƙasashen Afirka yin nisa a cikinta? Me ya kamata in fi mayar da hankali a kai da ɗalibaina?

Amsa: Malama, sannu da aiki. Abin da kika kalla shi ne wasan ƙarshe na gasar duniya ta ƙwallon raga ta mata, wadda hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ke shiryawa. An buga shi a Bankok, babban birnin Tailan, ranar 7 ga Satumba, 2025. Gasar ta samo asali tun 1952 a Mosko, kuma a mafi yawan tarihinta duk shekara huɗu ake yin ta. Daga 2025 ne aka mayar da ita duk shekara biyu, aka kuma ƙara yawan ƙasashe daga 24 zuwa 32. Mai masauki da mai riƙe da kofi suna da gurbinsu, kowace nahiya daga cikin biyar tana turo ukun farko na gasarta, ragowar gurbi 15 kuma a cike su da jerin matsayin ƙasashe na duniya. Da haka ne Kenya da Masar da Kamaru suka je Tailan da sunan Afirka. Aka raba ƙasashen rukuni takwas, huɗu-huɗu, biyun farko suka wuce, daga nan kuma duk wadda aka ci sai ta tattara kayanta. Sabiya, wadda ta ci kofin a 2018 da 2022, tun a matakin ƙasashe 16 Holan ta kore ta, Faransa kuma ta kori Sin.

Olamfik ƙasashe 12 kawai take ɗauka, don haka shigarta ta fi wuya, kuma a idon yawancin 'yan wasa zinarenta ya fi daraja. Akwai kuma gasar da ake yi duk shekara tun 2018, wadda ake kira VNL, inda manyan ƙasashe ke zagaya birane suna karawa makonni da dama. Ki riƙe sunan wannan ta ukun, don tana da hannu a amsar tambayarki. Cin Olamfik ba ya nufin cin gasar duniya: Birazil ta ci zinaren Olamfik a 2008 da 2012, amma sau huɗu tana zuwa wasan ƙarshe na gasar duniya, a 1994 da 2006 da 2010 da 2022, ana hana ta kofin.

To, ga wasan da kika kalla. Makin zagaye biyar ɗin, idan aka fara da na Italiya, shi ne 25-23, 13-25, 26-24, 19-25, 15-8. Ki haɗa su ki gani. Italiya tana da 98, Turkiyya 105. Wadda ta fi tara maki ita ta tafi gida da azurfa. Turkiyya ta ci zagayenta biyu da rata mai faɗi, Italiya kuma ta ci biyu da tazarar maki bibbiyu, sannan a zagaye na biyar, inda maki 15 kacal ake nema kuma babu lokacin gyara kuskure, ita ce ba ta rikice ba. Sa'annan ki duba wadda aka ba kyautar gwarzuwar gasa. Ba Paola Egonu ba ce, wadda kike tambaya a kanta, ba kuma Melissa Vargas ta Turkiyya ba, duk da irin ruwan duka da ta yi a ranar. Alessia Orro aka ba, setar Italiya, mai ɗaga wa masu duka ƙwallo. A ganina masu zaɓen sun yi daidai, kuma dalilinsu shi ne amsar rabin tambayarki.

Mai kallo a talabijin dukan ƙarshe yake gani, domin shi ne mai ƙara, shi ake maimaitawa a hankali. Amma kowane ɓangare taɓawa uku yake da ita kafin ƙwallo ta tsallaka raga, kuma dukan shi ne na uku. Ta farko ita ce tarbar sabis, wato bugun da abokan karawa ke buɗe kowane maki da shi. Fili mita 9 ne faɗinsa, mita 9 zurfinsa a kowane ɓangare, kuma yawanci mutum uku ne ke raba shi wajen tarba: libero, wato mai rigar daban wadda ba ta duka a raga, da masu duka biyu na gefen hagu. Aikinsu su kashe gudun ƙwallon da damatsansu, su aika ta sama daidai inda seta ke jira, kusa da raga, ɗan dama da tsakiya. Idan ƙwallon ta sauka a nan, seta tana da zaɓi uku ko huɗu. Tana iya ba ta tsakiya gajeriyar ƙwallo mai sauri, wadda ta riga ta tashi sama kafin ƙwallon ta bar hannun setar. Tana iya turawa hagu, ko ta jefa baya ta kanta zuwa dama, ko ta ajiye wa mai tasowa daga layin baya, wadda za ta yi tsalle daga bayan layin mita 3. Masu tarewa na ɗaya ɓangaren su uku ne kawai a raga mai faɗin mita 9. Ba su san ina za ta bi ba, ta tsakiyarsu dole ta jira, kuma jiran nan na ƙiftawar ido shi ke sa mai duka ta tarar da mutum ɗaya a gabanta maimakon biyu.

Yanzu ki ɗauka tarbar ta karkace, ƙwallon ta faɗo mita uku ko huɗu nesa da raga. Zaɓin nan duk ya tafi. Seta tana gudu, ba abin da za ta iya sai ta cilla doguwar ƙwallo sama zuwa gefe. Kowa a zauren ya san inda za ta. Masu tarewa biyu sun je sun kafa hannu huɗu a kan raga, masu tsaron baya sun tsaya a inda ya rage. Mai dukan nan ko tsawonta ya kai ina, ko ƙarfinta ya kai yaya, da katanga take faɗa. Wannan shi ne abin da ke faruwa da ƙasashen Afirka idan suka haɗu da manya. Ki kalli kowane wasa irin wannan, ki bar bin ƙwallo da ido, ki sa ido a kan ƙafafun seta kawai. Za ki ga ta babbar ƙasa tana tsaye wuri ɗaya ƙwallo na zuwa ta same ta, tamu kuwa tana ta tsere a fili. Manyan ƙasashe ma sun san haka, shi ya sa ba sa ɓata ƙarfi: su auna mai raunin tarba, su yi ta aika mata sabis mai lilo, wanda ake buga wa ƙwallo ba tare da ta juya ba, sai ta riƙa karkata a iska ta faɗi inda ba a zata ba. Maki biyar, shida a jere, zagaye ya tafi.

Wani abin kuma, ragar mata mita 2.24 ce, ta maza 2.43, kuma dukan mata bai kai na maza gudu ba. Saboda haka a wasan mata ana ɗauko ƙwallon da aka doka fiye da yadda ake yi a na maza, ana daɗewa ana musayar ta kafin a samu maki. Wannan ya sa tsaron baya da haƙuri suka fi tasiri a nan. Ni dai don wannan na fi son kallon na matan.

Tarba da ɗagawa ba baiwar jiki ba ce. Maimaici ne na shekaru, kuma maimaici tare da mutane iri ɗaya. Gajeriyar ƙwallon tsakiya da na ambata tana kama da lugude: idan mata uku suka saba daka tare, taɓarya na tashi wata na sauka ba karo, amma ki kawo baƙuwa komai ƙarfinta, sai an ji taɓare sun haɗu. Seta sai ta san tsayin tsallen kowace mai duka, da saurin takunta, da irin ƙwallon da take so idan ta gaji. Ba a koyon wannan a sansanin mako biyu.

Tarihin gasar kansa haka ya nuna, idan aka karanta shi ta wannan fuska. Tarayyar Sobiyet ce ta ci ukun farko, 1952 da 1956 da 1960. Waɗanda suka karya ta a 1962, a Mosko ɗin ma, matan Japan ne, waɗanda ba su kai su tsawo ba. Kusan dukkansu ma'aikatan masaƙa ɗaya ce ta kamfanin Nichibo a garin Kaizuka. Su yi aiki da safe, su shiga atisaye har dare ya raba, ƙarƙashin kocinsu Hirobumi Daimatsu. Shi ya koya musu tarbar da ake yi a faɗi a mirgina a miƙe nan take, har ya zama ƙwallo ba ta taɓa ƙasa a ɓangarensu sai da kyar. Bayan shekara biyu suka sake doke Sobiyet a Olamfik ta Tokyo, karo na farko da aka sa wasan a Olamfik. Horon nasa akwai tsanani da ya wuce kima, ba na ce ki kwaikwaye shi ba, yau ma babu hukumar kirki da za ta yarda da shi. Abin lura shi ne mutum goma sha biyu da suka yi shekaru suna kwana suna tashi wuri ɗaya.

Sin ta bi wannan sawu a farkon shekarun 1980, ta ci manyan gasa biyar a jere daga 1981 zuwa 1986, ciki har da gasar duniya ta 1982 da 1986 da Olamfik ta 1984. Tauraruwarsu ta lokacin, Lang Ping, ita ce ta dawo a matsayin koci ta ci musu zinare a Riyo a 2016.

Kyuba ce ya kamata mu fi tsayawa a kanta, domin ita ake kawowa hujja idan ana maganar ƙarfin jikin baƙar fata. Gaskiya ne, matan Kyuba sun ci gasar duniya a 1978 da 1994 da 1998, suka ci zinaren Olamfik sau uku a jere, 1992 da 1996 da 2000, kuma tsallensu ya firgita duniya. Amma Mireya Luis, wadda ta fi kowa suna a cikinsu, tsawonta wajen mita 1.75 ne kawai. Ƙaramar ƙasa ce mai ƙarancin kuɗi, sai dai tana da makarantun wasanni da ke tsinto yara tun suna ƙanana, a tara mafiya kyau a Habana, su yi shekara da shekaru a hannun koci ɗaya, Eugenio George. Har salon wasansu nasu ne: seta biyu suke sawa, kowace kuma tana duka idan ta zo layin gaba, ta yadda kullum akwai masu duka uku a raga. Da tsarin ya yi rauni, 'yan wasa suka fara ficewa neman abinci a waje, sai komai ya sauka. Tun Beijin 2008 matan Kyuba ba su sake zuwa Olamfik ba. Tsibirin bai daina haifar dogaye masu tsalle ba. Hujja ita ce Melissa Vargas da kika gani a rigar Turkiyya, haifaffiyar Kyuba ce.

Turkiyya kuwa da kulob-kulob ta gina kanta. VakıfBank da Eczacıbaşı da Fenerbahçe suna sayo mafiya gwaninta a duniya, 'yan ƙasa kuma su yi atisaye da su kullum, su kara da su duk mako. VakıfBank ita kaɗai ta ci kofin zakarun Turai sau shida tsakanin 2011 da 2023. Sai a 2023 tawagar ƙasa ta girbi abin, ta ci VNL da kofin Turai a shekara ɗaya. Amurka hanyarta makarantu ce: dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke cin kuɗin gwamnati ta buɗe wa 'yan mata wasannin jami'a, har ta kai a 2023 mutum 92,003 suka cika filin wasa a Nebraska don kallon ƙwallon ragar 'yan matan jami'a. Kofin duniya na 2014 da zinaren Olamfik ta Tokyo 2020 daga wannan rijiya aka ɗebo su. Tailan, mai masaukin 2025, gajeru ne idan aka gwada su da Turawa, amma da sauri da tarba suka ci kofin Asiya a 2009 da 2013 da 2023 a gaban Sin da Japan.

(Wani abin da mai sharhi wataƙila ya faɗa kika ji: kocin Turkiyya a wasan nan, Daniele Santarelli, ɗan Italiya ne, kuma matarsa Monica De Gennaro ita ce liberon Italiya. Miji yana gefe yana tsara yadda za a kauce wa aika wa matarsa sabis. Shi ne kuma ya ci kofin da Sabiya a 2022.)

Sai batun Egonu. An haife ta a 1998 a garin Cittadella na arewacin Italiya, iyayenta 'yan Najeriya ne, kuma ita aka zaɓa gwarzuwar Olamfik ta Faris 2024, inda Italiya ta ci Amurka 3-0 a wasan ƙarshe. Ba ita kaɗai ba ce. Myriam Sylla da ke tare da ita iyayenta 'yan Kwaddibuwa ne. A tawagar Amurka da ta ci zinaren Tokyo akwai Foluke Akinradewo da Chiaka Ogbogu, dukkansu 'ya'yan 'yan Najeriya. Muna da dalilin jin daɗi, amma kada mu yi wa kanmu ƙarya. Egonu tana ƙaramar yarinya aka ɗauke ta zuwa Club Italia, wata cibiya da hukumar ƙwallon ragar Italiya ta kafa a 1998 don tara 'yan mata masu tasowa, su zauna tare, su yi karatu, su buga lig da manya. Wanda ya kawo shawarar kafa cibiyar, Julio Velasco ɗan Ajantina, shi ne ya dawo a 2024 ya karɓi tawagar ƙasa, ya same ta cike da yaran da suka fito daga can. Da shi suka ci Olamfik, suka ci VNL sau biyu, suka ci kofin duniya, suka yi wasa sama da talatin a jere ba a ci su ba. Da a ce yarinyar nan a wata unguwa ta taso inda babu koci, babu lig, babu zaure, da yau doguwar mace ce kawai da ake cewa ta miƙo kaya daga saman kabad.

A Afirka an fara gasar nahiya ta mata a 1976 a Masar. Kenya ce ke gaba da kofi goma, na baya-bayan nan a cikinsu a Yawunde a 2023, inda ta ci Masar a wasan ƙarshe. Kamaru ta riƙe kofin sau uku a jere, 2017 da 2019 da 2021. Masar da Tunisiya kowace tana da uku, Aljeriya da Seychelles ɗaya-ɗaya. Najeriya ba ta taɓa ci ba. Ta zo ta biyu a gida, a Fatakwal a 2001 da Abuja a 2005, kuma ta je gasar duniya ta 1982 a Peru, tun daga nan ba ta koma ba. Ki lura da Seychelles ɗin nan: tsibirai ne da yawan mutanensu bai kai na ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ba, amma suka zo Fatakwal suka ɗauki kofi. Idan da yawan dogaye ake ci, wannan ba zai yiwu ba.

Me Kenya ta fi mu da shi? Abu biyu da ido ke gani. Na farko sakandare: akwai makarantu irin su Lugulu da Kwanthanze da aka san su da wasan nan, kuma gasar makarantu a can ana ɗaukarta da gaske. Na biyu, idan yarinya ta gama akwai inda za ta: Kenya Pipeline, Kenya Prisons, KCB, ƙungiyoyin ma'aikatu da ke ba da albashi, 'yan wasa su yi shekaru tare, tawagar ƙasa kuma daga waɗannan ukun ake ɗebo mafi yawanta. Da haka suka je Olamfik a 2000 da 2004 da Tokyo da Faris. Aljeriya ta je a 2008 da 2012, Kamaru a 2016.

Duk da haka ki ga iyakar abin. Kenya ta yi ta zuwa gasar duniya tun shekarun 1990, amma sai a 2018 ta fara cin wasa a cikinta, ta doke Kazakistan 3-0. A 2022 ta ci Kamaru, a 2025 ta ci Biyetnam. Wasa ɗaya-ɗaya ke nan. A nan ne VNL da na ce ki riƙe take shigowa. Italiya da Birazil da Japan da Folan suna buga wa juna wasa goma sha biyu ko fiye duk shekara kafin ma a zo babbar gasa, ban da abin da 'yan wasansu ke yi a lig-lig na Italiya da Turkiyya. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya da ta taɓa shiga VNL ta mata. Zakarar Afirka tana iya yin shekara guda ba ta tarbi sabis irin na manya ba, sai ranar da ta tsaya a gaban Folan. Ido da hannu suna sabawa ne da gudun ƙwallon da suke gani kullum. Kuma tunda jerin matsayi na duniya da sakamakon wasanni ake lissafa shi, wadda ba ta samun manyan wasanni ba ta samun damar hawa, wadda ba ta hau ba ba a gayyatarta manyan wasanni. Ƙara ƙasashe zuwa 32 da mayar da gasar duk shekara biyu ya ɗan sassauta wannan ƙulli, Afirka ta samu gurbi uku tabbatattu. Wasu na cewa an tsarma gasar da ruwa, an cika ta da wasannin da aka san sakamakonsu tun kafin a fara. Akwai gaskiya a maganarsu, amma ban ga wata hanyar da ƙaramar tawaga za ta koya ba idan ba a bar ta ta sha kashi a hannun manya ba.

Akwai kuma al'adar da ta zama ruwan dare a wannan yanki namu, ta kiran 'yan wasa sansani ana saura 'yan makonni gasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙwallon ƙafa ɗan wasa ɗaya mai baiwa yana iya rufa wa tawaga asiri da ƙwallo ɗaya. A nan doka ta hana mutum taɓa ƙwallo sau biyu a jere, sai dai bayan tarewa a raga, kuma duk lokacin da tawaga ta ƙwato damar yin sabis sai kowa ya matsa gurbi na gaba. Gwanarki rabin wasa a layin baya za ta yi shi, mai rauninki kuma babu inda za ki ɓoye ta.

Yanzu abin da ya shafe ki da ɗalibanki. Kada ki fara da duka. Na san shi yara ke so, kuma shi ke burge shugabar makaranta ranar wasanni, amma ki ba tarba da ɗagawa da sabis mafi yawan lokacin atisaye. Ki rage yawan masu wasa: biyu da biyu, uku da uku a ƙaramin fili, raga a sauke ta ƙasa. Idan kika sa yara goma sha biyu a babban fili da ƙwallo ɗaya, wata sai a tashi ba ta taɓa ta sau biyar ba, alhali a uku da uku kowane maki sai ya bi ta hannunta. Ki sa musu doka cewa ba a lissafa maki sai an yi taɓawa uku, in ba haka ba za su saba da mayar da ƙwallo da bugu ɗaya, ɗabi'ar da ke da wuyar cirewa daga baya. Bango ma malami ne: a ja layi a kansa daidai tsayin raga, yarinya ta yi ta tarba da shi ita kaɗai.

Kada ki ware doguwa ki ce ke tsaya a raga kawai. Kowa ya koyi komai har sai sun kai manyan aji. Doguwar da ba ta iya tarba ba ita abokan karawa za su nema da sabis. Kada kuma ki kori gajeriya. De Gennaro da na ambata tana cikin gajerun tawagarta, kuma da wuya a lissafa liberon da ta fi ta a zamaninta. Wajen zaɓen seta ki duba mai nutsuwa, mai lura da abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren, wadda sauran ke jin maganarta. Hannu ana gyara shi, wannan halin kuwa sai dai a tarar da shi.

Ki kula da ƙasan da suke wasa a kai. Yarinyar da ta taɓa goge gwiwa a siminti ba za ta sake yarda ta faɗi don ɗauko ƙwallo ba, kuma tana da gaskiya. Idan babu zaure mai daɓen katako ko roba, fili mai yashi da aka tsince duwatsunsa ya fi siminti sau goma wajen koyon faɗuwa da mirginawa, yana kuma ƙarfafa ƙafa. Sai dai a kauce masa da tsakar rana.

Na san kuma akwai tambayar da iyaye za su yi miki ko da ke ba ki yi mini ba, ta sutura. Gajerun kayan da kika gani a talabijin ba sharaɗin wasa ba ne. Tawagar matan Iran da dogon wando da dogon hannu da ɗankwali take buga wasanninta na ƙasa da ƙasa. Megawati Hangestri ta Indonesiya da hijabinta ta buga lig ɗin Koriya ta Kudu, tana cikin masu yawan maki a can. Doaa Elghobashy ta Masar da hijabi ta buga na yashi a Olamfik ta Riyo a 2016. Ga shi kuma wasa ne da raga ta raba ɓangarorin biyu, babu cakuɗa da abokan karawa, kuma ana iya yin sa a cikin katangar makaranta. Idan za ki zauna da iyaye, ki nemo bidiyon Megawati a waya ki nuna musu kafin ki fara bayani. Dogon hannun ma yana rage zafin da ƙwallo ke yi wa damtsen masu koyo a makonnin farko, wanda shi ke korar yara da yawa. Abin da za ki hana kawai shi ne allurar ɗankwali da duk wani ƙarfe a jiki, a nemi hijabin da ake sawa kai tsaye ba sai an maƙale shi ba.